Kuɗin burs haƙƙi ne, ba alfarma ba

Duk uwar da ɗanta ya ci jarrabawar bak ta san cewa murnar ba ta daɗewa. Yaro zai tafi jami'a, a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, kuma can ba a ci sai da kuɗi. Ga hayar ɗaki idan bai samu gado a gidan kwanan ɗalibai ba, ga abinci, ga kuɗin mota, ga hoton takardu. Don haka ne gwamnati ta tanadi burs, wanda hukumar ANAB ke rabawa, tare da ɗan agaji ga wasu daga cikin waɗanda ba su samu burs ba.

Matsalar da ta daɗe tana damun ɗalibanmu ita ce jinkirin biya. Idan kuɗin ya makara, cikin yaro ba ya jira. Sai waya ta yi ƙara a rumfar kasuwa, uwa ta taɓa jarinta ko zubin adashinta ta aika. Mai tuwo da mai shago na bakin jami'a su ma su yi ta ba da bashi har jarinsu ya karye. Ashe bashin da gwamnati ta ci, ƴan kasuwa ne ke ɗaukar nauyinsa.

Wannan rigima ba yau ta fara ba. Ranar 9 ga watan Fabrairu 1990, ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai, lokacin da suka fito nuna ƙin amincewa da matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. A watan Afrilun 2017 ma an rasa ɗalibi ɗaya a jami'ar Abdou Moumouni, a zanga-zangar da batun burs ke cikin dalilanta. A 2014 jami'o'in gwamnati na ƙasarmu sun kai takwas. Ɗalibai sun ƙaru ƙwarai, dole tanadin da ake yi musu ya ƙaru.

Kuɗin burs daga baitulmali yake fitowa, inda patanti da kuɗin duwan da muke biya ke shiga. Saboda haka muna da bakin magana. Muna kira ga mahukunta su tsai da ranar biya, su cika ta kamar yadda ake cika ta albashi. A liƙa sunayen waɗanda suka samu a fili, don kada ɗan mai hali ya shige gaban ɗan mai sai da ƙosai. A kuma kula da ƴan mata, domin su ake fara mayarwa gida idan hannu ya tsuke.

Ku kuma ɗalibai, ku tuna kuɗin talakawa ne kuke ci, ku riƙe karatu da gaske. Likitan da zai duba mu gobe a asibitin Tasawa ko Birnin Ƙonni, yau yana aji yana jiran wannan kuɗi. Allah ya sa masu iko su ji.