John Glenn da ranar da matarsa ta ƙi buɗe wa Mataimakin Shugaban Amurka ƙofa

1/ Duk ranar tunawa da John Glenn hoto ɗaya ake sakawa, yana sanye da kayan 'yan sama jannati. Ni kam a ganina babban abin da mutumin nan ya yi a waya ya yi shi, ƙafarsa na ƙasa. Ku biyo ni a hankali.

2/ An haife shi a 1921 a jihar Ohio. Matuƙin jirgin yaƙi ne a rundunar Marine ta Amurka, ya yi ritaya a 1965 yana kanar. Sau 59 ya fita kai farmaki a Yaƙin Duniya na Biyu, sau 90 a yaƙin Koriya, inda ya harbo jiragen MiG 3.

3/ Kar mu yi wa juna ƙarya fa. Bama-bamai ya jefa, kuma akwai mutane a ƙasa. Waɗanda aka jefa wa suna da nasu labarin. Ban zo mayar da shi waliyyi ba.

4/ Matarsa Annie tare suka tashi tun suna jarirai a garin New Concord. Sun yi aure ranar 6 ga Afrilun 1943, ana tsakiyar yaƙi, suka haifi 'ya'ya 2. Annie tana da in'ina mai tsanani. Waya ba ta iya amsawa. In ta shiga tasi sai dai ta rubuta wa direba inda za ta a takarda.

5/ To ku ɗora wannan a kan rayuwar matar soja: yau wannan bariki, gobe wancan, miji na can wata ƙasa, yaro ya yi ciwo da dare, kuma bakinki ba zai iya kiran likita ba. 

6/ Duk lokacin da zai tafi aiki mai haɗari, sai ya ce mata zai je shago ne ya sayo cingam. Ita kuma ta ce kar ya daɗe. Iyakar sallamarsu kenan.

7/ Yanzu ga maganar. Janairun 1962, Glenn ya shafe sa'o'i a cikin kumbo yana jiran tashi, aka fasa saboda gajimare. Mataimakin Shugaban Ƙasa Lyndon Johnson ya so shiga gidansu ya jajanta wa Annie, da 'yan talabijin a bayansa. Ta ce a'a.

8/ Ku yi tunani: mace mai in'ina, ta wuni cikin fargaba, a ce ta yi magana duk ƙasa na kallo. Manyan NASA suka matsa wa Glenn ya lallashe ta, har da nuna masa cewa ana iya sa wani a gurbinsa. Ya ɗauki waya ya gaya mata in ba ta so, babu mai shiga, yana bayanta. Johnson bai shiga ba.

9/ Soja ne fa, wanda aka horar a kan bin umarni, kuma tafiyar da ya yi shekaru yana buri ce a kan sikeli. Wani zai ce ai rashin ladabi ne ga shugaba. Ni dai ban ga haka ba. Rantsuwar aiki shi ya yi ta, Annie ba ta yi ba, kuma falonta ba na gwamnati ba ne.

10/ Ba a cire shi ba. Ranar 20 ga Fabrairun 1962 ya kewaya duniya sau 3, Ba'amurke na farko da ya yi hakan. Daga baya ya yi shekara 24 yana sanata, ya sake komawa sama a 1998 yana da shekara 77.

11/ A 1973 Annie ta yi makonni 3 a wani shirin gyaran magana a Virginia, tana da shekara 53. Ta kira shi a waya ta yi magana tiryan-tiryan. Mutumin da harbin Koriya bai girgiza ba sai ga shi yana kuka.

12/ Ya rasu ranar 8 ga Disambar 2016, bayan shekara 73 da aure. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington ranar 6 ga Afrilun 2017, daidai ranar zagayowar aurensu. Annie ta bi shi a 2020, tana da shekara 100.