Tsohon ciki ya fi ƙaramin ciki buƙatar awo

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta kan awon ciki. Maimakon zuwa huɗu, ta ce mai juna biyu ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta sauka. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda aka raba takwas ɗin: sau ɗaya a watanni ukun farko, sau biyu a na tsakiya, sauran biyar kuma duk a ƙarshe, wato mako na 30, 34, 36, 38 da 40. A gidajenmu lissafin a juye yake. Mace za ta je ta yanki kati, a yi mata hoton ciki, da an ce komai lafiya sai a ɗauka an gama. Idan ciki ya tsufa, tafiya ta yi nauyi, sai a ce ta zauna ta jira Allah ya sauke ta lafiya. A ganina wannan zaman jiran yana cikin abubuwan da ke cinye mana mata da jarirai, kuma gyaransa yana hannun maigida da iyaye fiye da hannun ita mai cikin.

Mu fara da ɗan da ke ciki. A mako na 28 nauyinsa bai wuce kilo ɗaya ba sosai, amma kafin haihuwa yakan kai kilo uku ko fiye, ke nan kashi biyu cikin uku na jikinsa a waɗannan watanni ake gina shi. A lokacin ne yake tara kitse a ƙarƙashin fata, wanda zai riƙe masa ɗumi idan ya fito. A lokacin ne huhunsa ke samar da isasshen wani ruwa mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa, kuma ƙarancin wannan ruwan ne ke sa bakwaini yin numfashi da ƙyar, ƙirjinsa yana lotsawa. Ƙwaƙwalwar ɗan mako 35 kusan kashi biyu cikin uku ce ta nauyin da za ta kai a mako na 39 ko 40. Sinadarin ƙarfen da jariri zai yi jini da shi a watanninsa na farko a duniya, da garkuwar da uwa ke miƙa masa ta mabiyiya, har da wadda allurar rigakafin sandarewar jarirai ke samarwa, mafi yawansu a ƙarshen ciki suke ƙetarawa. Duk abin da uwa ta rasa a wannan lokaci, ɗan ma ya rasa shi.

Ita kuwa uwar, jikinta na ɗauke da aikin da bai taɓa ɗauka ba. Jinin da ke zagaya jikinta yakan ƙaru da kusan rabi, amma ruwan jinin ya fi ƙwayoyinsa ƙaruwa, shi ya sa ƙarancin jini ke saurin kama wadda ba ta samun abinci mai gina jiki ko zazzaɓin cizon sauro ke yawan kayar da ita. Mahaifa ta tura ciki sama, sai ƙwannafi da haki. Ta danne mafitsara, sai yawan fitsari. Ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai ƙafafu su kumbura, kuma idan ta kwanta rigingine jiri ya ɗebe ta. Dalilin da ya sa ake cewa ta riƙa kwanciya ta gefe ke nan.

Gaɓar da ta fi damuna ita ce, alamomin da ciki ya gada da alamomin da ke kisa kama suke yi da juna, kuma ido ba ya raba su. Kumburin ƙafa da yamma abu ne da aka saba. Amma idan fuska ta kumbura, zoben da ke shiga yatsa jiya yau ya ƙi fita, ga ciwon kai da ba ya jin magani, ga gani dishi-dishi, ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to ana iya kasancewa a bakin jijjiga. Sau da yawa ma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, jini yana ta hawa mace tana harkokinta. Abin da ke tona shi bai kai minti biyar ba: a ɗaura mata abin awo a dantse a ga ko ya kai 140 bisa 90, a tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari a ga ko akwai furotin. Sai ma'aikaciya ta ja fatar ido ta duba ko ta yi fari, ta shimfiɗa tef daga mara zuwa saman ciki, ta lalubo ko kan yaro ya juyo ƙasa, ta tambayi yadda motsinsa yake. Idan an gano da wuri akwai magani. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya ƙunshi mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar magnisiyam salfet tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Magani ne mai araha, sai dai ba ya amfanar wadda ba a auna ba.

Za a ce iyayenmu sun haifi goma goma a ɗaka ba su san awo ba. Gaskiya ne, kuma yawancin ciki lafiya yake ƙarewa ko da awo ko babu. Amma waɗanda suka rayu ne ke ba da wannan labarin. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ba wanda ya san wacce ce matsalar za ta faɗa wa, shi ya sa ake auna kowa. Tawakkali kuma bai taɓa hana neman magani ba, malamanmu sun sha faɗa.

Wasu na guje wa ƙwayoyin ƙarin jini wai suna girmar da yaro ya ƙi fita, sai su koma ga maganin zaƙi da jiƙe-jiƙen sauƙaƙa naƙuda. Ƙwayoyin ba sa kumbura yaro. Abin da suke yi shi ne tara wa uwa jinin da za ta jure zubar da ke biyo bayan haihuwa, domin wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita tana iya kai ta lahira. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba a san adadinsa ba, idan ya tayar da naƙuda kafin lokaci ya ƙwace wa yaro makonnin da huhunsa da ƙwaƙwalwarsa ke buƙata. Masu tsoron a ce sai an yi aiki kuwa, su sani cewa wadda aka gano yaronta a gicciye yake tun mako na 36 tana da damar shiri, ba kamar wadda ta kwana biyu tana naƙuda a gida ba, wadda ko ta tsira tana iya ƙarewa da yoyon fitsari.

Ƙorafin da na fi yarda da shi shi ne na kuɗin mota, da layi tun asuba, da tsawar wasu ma'aikata, da asibitin ƙauyen da abin awon jininsa ya lalace. Wannan nauyi ne a wuyan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, kuma ya kamata a riƙa tambayarsu a kai. Amma akwai abin da ba ya jiran gwamnati. Mai cikin fari da aka kai goyon ciki gidan iyayenta tana barin asibitin da ya san ta daidai lokacin da awo biyar ke gabanta, ga kunya ta hana ta cewa kanta na ciwo, alhali cikin fari yana cikin waɗanda jijjiga ta fi kamawa. Mijin da ya kai ta ya haɗa da katin awonta, ya nemi asibiti mafi kusa da gidan surukansa, ya bar kuɗin mota da izinin fita ko da tsakar dare ne, uwarta kuma ta riƙa tambayarta kullum ko yaron ya motsa kamar yadda ya saba.