Arzikin Ƙarƙashin Ƙasa: Riba Ko Asara?

Neman ma'adinai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gaya. Tarihin baka ya nuna cewa daga nan ne maƙera Abagayawa suka tashi zuwa Dutsen Dala saboda neman tama. A yau kuwa, ana ta kira da a komar da hankali ga ma'adinai maimakon man fetur. Don haka ya kyautu manomin Kademi da na Ajingi su san abin da ke tattare da wannan kira tun kafin ya ƙwanƙwasa ƙofarsu.

Ba shakka akwai riba. A arewacin Kanada, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara, an buɗe mahaƙar lu'ulu'u ta Ekati a 1998, sannan ta Diavik a 2003. Abin lura shi ne, sai da aka ƙulla yarjejeniya da 'yan asalin yankin game da aikin yi da koyon sana'a da kiyaye muhalli.

Amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2010, gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, ciki har da Bagega, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Haka kuma a Nijar, an fara haƙar yuraniyam a Arlit a 1971, amma da kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa a 2021, sai ma'aikata suka rasa abin yi, aka bar wa gari tulin ƙasa mai guba. A Filato ma, ramukan kuza suna nan inda da gonaki ne.

Dalili shi ne, ma'adini yakan ƙare, gona kuwa ba ta ƙarewa in an kula da ita. Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinai, amma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani yin yarjejeniyar raya al'umma kafin ya fara aiki. Wannan shi ne makamin talaka, sai dai a Turance aka rubuta shi.

A nan ne nauyi ya hau wuyan ɗaliban Hausa. Wajibi ne su fassara wannan doka, su kai ta kasuwa da zauren dagaci, domin manomi ya san haƙƙinsa kafin ya dangwala yatsa a kan takardar da za ta raba shi da gonar gado.