Manomi, Rigar Ɗari Ma Kayan Aiki Ce

Ga ɗari ya shigo. An kai gero rumbu, an koma garka. Daga Madawa zuwa Sabon Gida, duk wanda ka gani da asuba a kwarin Tarka, ko yana dashen albasa, ko yana ba ta ruwa. Mun sha yin maganar iri da taki. Yau maganar jikin da ke yin aikin za mu yi.

Idan za ka sayi hauya, kakan ɗaga ta, ka duba ruwanta, ka gwada ƙotar a hannunka. Idan injin ban ruwa ne, sai ka nemi wanda ya san inji ya raka ka. Amma ran da sanyi ya matsa maka, sai ka tsaya gaban tulin gwanjo, wanda wasu ke ce wa bosho, ka zaro rigar da launinta ya yi maka, ka biya, ka wuce. A ganinmu wannan kuskure ne. Rigar ɗari kayan aiki ce kamar hauya da guga. Aikin da za ka yi cikinta shi ya kamata ya zaɓa maka ita.

Abin da ke kayar da mai garka

A watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi a jihar Tawa kan sauka wajen digiri 15 da dare, wani lokaci ƙasa da haka, da rana kuma ya kai wajen 30. Wanda ya zauna Turai zai ce wannan ai ba sanyi ba ne. To, shi bai taɓa tsayawa cikin laka da ƙarfe biyar na asuba ba, riga a jiƙe, iskar hunturu tana kaɗa shi.

Ka lura da abu biyu. Na farko, iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Da dare takan gangaro daga tudu ta kwanta cikin kwari, daidai wurin da garake suke. Shi ya sa za ka bar gida ba ka ji komai ba, kana isa bakin rijiya haƙora su fara kaɗawa. Na biyu, ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska sau 20 da ɗoriya. Jiƙaƙƙiyar riga ɓarauniyar ɗumi ce.

Likitoci sun ce ƙwayoyin cuta ne ke kawo mura da ciwon haƙarƙari. Amma ƙura da busasshiyar iska suna gajiyar da hanci da maƙogwaro, kuma jikin da kullum ke wuni a takure yana rawar ɗari ba ya cika ƙarfin kare kansa. Albasa kuwa ba ta jiran majinyaci. Ka san yadda sabon dashe yake komawa in ya yi kwanaki ba ruwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Rigar nan mai gashi-gashi

Cikin tulin gwanjo akwai wata riga da ta yi yawa a kasuwanninmu. Tana da laushi, da gashi-gashi kamar bargo, ba ta da nauyi, sau da yawa tana da zif a gaba. Mutane da dama suna ɗaukarta ulu ce. Ba ulu ba ce. Zarenta foliyesta ne, dangin roba, wanda ake samu daga man fetur. Wata masaƙa mai suna Malden Mills a Amurka ce ta fito da irin wannan yadi a farkon shekarun 1980, don masu hawan duwatsu. Daga 1993 aka fara yin wasu da tsofaffin gorunan roba da aka narke.

Yadda take ba da ɗumi ba wani asiri ba ne. Gashin nan yana riƙe iska a tsakaninsa, jikinka ya ɗumama iskar, ita kuma ta zauna ta tsare ka. Zaren ba ya shan ruwa kamar auduga. In ta jiƙe, ka matse ta, ka shanya, kafin ka gama kewaya garka ta sha iska. Saboda haka ga mai jan guga da mai riƙe tiyo a Tarka, ta fi suwaitar auduga nesa ba kusa ba. Rigar auduga mai kauri tana da daɗi muddin tana bushe. Da ta sha ruwa ko zufa, sai ta manne a jiki, ta wuni tana sanyaya ka.

Amma wannan riga tana da aibi biyu, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka su ba. Iska tana ratsa ta, wuta kuma tana narka ta.

Darasin kwarin Majiya

Mutanen Buza ba sa buƙatar a koya musu aikin iska. A 1975 ne ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, don rage ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasa tana kwantar da shuka. Wanda ya yi noma a bayan waɗannan itatuwa ya ga bambanci da idonsa. Kai ma da kanka kakan yi wa irin albasarka dangar kara ta wajen da iska ke fitowa.

To, jikinka ma haka yake. Rigar mai gashi tana tara ɗumi, amma ba ta da danga. Da iska ta taso, sai ta shiga ta kwashe ɗumin da ka tara. Maganin wannan shi ne ka ɗora wata riga a kai, marar nauyi, mai saƙa a matse, irin mai santsi da iska ba ta ratsawa. Ko tsohuwa ce ba laifi, in dai ba ta yage ba. Ɗan kabu-kabu da ke tashi da duhu, da mai amalanke da ke kai kaya kasuwar Tamaske ko ta Karofan, da makiyayi a kan tudu, su ne suka fi kowa buƙatar wannan ta sama. In kuɗinka na riga ɗaya ne kuma aikinka a kan babur yake, to fara sayen mai tare iska, ka sa tsofaffin rigunanka a ƙarƙashi.

Biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri

A ƙasar Keita, tun da aka fara babban aikin raya karkara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, mutane sun san aikin dutse a kan fako: jera duwatsu, haƙa ramuka, dasa itatuwa. Mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na wannan aiki. Duk wanda ya taɓa yin sa ya san cewa da safe kana rawar ɗari, kafin hantsi kana zufa.

Nan ne mai ƙatuwar riga guda ɗaya yake shan wahala. In ya bar ta, zufa ta jiƙa shi. In ya tuɓe, iska ta buge shi a jiƙe. Wanda ya sa riga sama da riga kuwa, sai ya riƙa ragewa da kaɗan-kaɗan. Rana ta fito, ya cire ta sama. Jiki ya ɗauki zafi, ya buɗe zif. In ya zauna hutawa, ya mayar. Saboda haka muke cewa ka nemi mai matsakaicin kauri, mai zif har ƙasa. Mai kaurin gaske ta mai gadin garka ce da ke zaune wuri ɗaya da dare.

Kada ka manta da kai da wuya. Buzayen Adar da ke naɗa rawani su ja amawali sun daɗe da gane wannan. Rawani yana tare sanyi, yana tare ƙura. Hular haɓar kada da ke rufe kunne ita ma ba don ado kaɗai aka yi ta ba.

Hattara da wuta

Wannan shi ne babban gargaɗinmu. A ɗari kowa yana son jin ɗumi. Ana hura kara a bakin garka, yara su kewaye, kowa ya miƙa hannu. Ulu na gaskiya ba ya saurin kamawa. Rigar foliyesta kuwa, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ta. In harshen wuta ya taɓa ta, sai ta narke kamar leda, ta manne a fata. Ƙunar da take yi ta fi ta auduga zurfi, don narkakken zaren yana ci gaba da cin nama bayan wutar ta mutu.

Saboda haka, yaron da ke sanye da ita kada ya matsa kusa da wuta, kada kuma a aike shi ya iza ta. Uwargida da ke gaban murhu ta naɗe hannun rigar, ko ta tuɓe ta har ta sauke tukunya. Mai zuba fetur a injin ban ruwa ya yi nesa da taba da ashana.

In tsautsayi ya auku, a kwantar da mutum a ƙasa, a lulluɓe shi da bargon ulu ko gwado mai kauri har wutar ta mutu. A riƙa zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi, a wurin har minti 20. Kada a fizge yadin da ya manne a fata. Kada a shafa mai, ko ƙwai, ko toka. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi likita nan da nan.

Gwaji shida a gaban mai gwanjo

1. Ɗaga rigar ka duba ta wajen rana. Inda haske ya ratso sosai, gashin ya cinye. Duba gwiwar hannu, da kafaɗa, da baya.

2. Damƙe ta ka saki. Mai rai takan taso nan take. Wadda ta kwanta ta yi ƙulli-ƙulli ta riga ta gaji.

3. Sa tafin hannunka a ciki, ka hura daga waje. In ka ji iskar bakinka, to ka san tana son ta sama.

4. Ja zif sama da ƙasa sau uku. Gyaran zif yakan kusa kuɗin rigar.

5. Sa ta a jikinka. Ɗaga hannuwa kamar kana jan guga, ka duƙa kamar kana dashe. In bayanka ya buɗe, ta yi maka kaɗan. Bakin hannu ya kama wuyan hannunka, kuma ya yiwu a tura shi sama lokacin ban ruwa. Wuyan rigar ya kai haɓa.

6. Nemi ɗan ƙyallen da aka ɗinka a wuya ko a gefe, ka sa ɗan makaranta ya karanta maka. In an rubuta polyester, ka san roba ce. In laine ko wool, ulu ce. In coton, auduga. In ƙyallen ya cire, to a gida ka zaro zare ɗaya daga ɗinkin ciki, ka kai shi waje ka taɓa masa ashana. Na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Ulu zai yi warin ƙonannen gashi ya murmushe. Auduga za ta ci ta bar toka mai laushi.

Da ka kai ta gida, a wanke ta da sabulu kafin kowa ya sa. Kada a sa mata dutsen guga, zai ƙona ta. Ka sani kuma ƙarangiya da ƙaiƙayi suna son gashinta, sai ka riƙa kakkaɓe ta. Kada ka yi feshin maganin ƙwari cikinta, don tana riƙe maganin, ga shi kuma da ita za ka koma gida ka ɗauki jariri.

Ga masu cewa kuɗi ne babu

Mun san wani zai ce, kakanninmu da gwado da bargo suka yi ɗarinsu, ba su mutu ba. Gaskiya ne, kuma har gobe bargon ulu ya fi rigar roba aminci ga tsoho da ke zaune gaban wuta. Amma ba a dashe a cikin mayafi. Ka tuna kuma, noman rani ya yawaita ne tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta matsa a kama shi. Gidaje da yawa da a da suke hutawa a ɗari, yanzu a bakin rijiya asuba take iske su. Aiki ya canja, dole sutura ta bi shi.

Maganar kuɗi kuwa, ba mu ce ka sayi sabuwa ba. Mun ce ka zaɓa. Araha ba ta ado, amma mai ido yakan tsinci ta ƙwarai cikin tuli guda da wanda ya kwashi tsumma. Ka auna kuɗin riga da kuɗin magani, ka haɗa da kwanakin da garka za ta yi ba mai ita. Ka kuma lura da lokaci. Da sanyi ya kankama, kowa rigar yake nema, sai ta yi tsada. Da bazara, ga kuɗin albasa a hannu, ba mai kallonta. Nan ne ya kamata ka saya ka wanke ka ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta roba asu ba ya cin ta, ta ulu kuwa sai ka ɗaure ta cikin jaka mai tsabta.

Wa za a fara saya wa?

A garuruwan Adar da yawa, samari sun tafi ci-rani Abijan, ko Nijeriya, ko Libiya. Waɗanda suka rage a garka su ne tsofaffi, da mata, da yara. Sau nawa muke ganin maigida cikin kwat da rawani, ɗansa na biye da shi ɗauke da tiyo, daga shi sai ƴar shara? Jikin yaro ya fi na babba saurin yin sanyi, kuma shi ba zai yi ƙorafi ba. Wanda ya fi shiga ruwa, shi ya fi cancantar rigar. Ku kuma da ke ci-rani, in za ku yi aike gida, ku haɗa da rigunan sanyi na ƙanne da na iyaye mata, ku aiko su kafin Nuwamba.

Ran kasuwa mai zuwa, kafin ka miƙa kuɗi, ka tambayi kanka: a ruwa zan yi aiki, ko a iska, ko kusa da wuta? Sannan ka ɗaga rigar ka duba ta kamar yadda kake duba hauya.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a garake, ya kai mu damina da rai. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.