AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, na ɗauki alƙalami yau ne domin in yi faɗa, kuma waɗanda zan yi faɗan da su mutanena ne, watau masoya wasannin kwamfuta irin waɗanda mutum ke shiga rigar jarumi, ya ratsa ƙasar almara, ya zaɓi abin da zai faɗa da wanda zai kashe da wanda zai yafe wa. Maganata a kan wasa guda ce, Dragon Age II, wanda kamfanin BioWare na birnin Edmonton a ƙasar Kanada ya fitar a watan Maris na 2011, da irin tarbar da masoya suka yi masa. Kada wani ya ce wannan ba ta shafi adabi ba, domin kuwa akwai jigo a ciki, akwai taurari, akwai zubi da tsari, kuma marubuta ne suka zauna suka tsara su. Ra'ayina shi ne masoyan nan sun yi gaskiya a kan ƙaramin abu, sun kauce a kan babba, sannan suka huce haushinsu a kan wadda ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Bari mu fara daga tushe. A watan Nuwamba na 2009 aka fitar da kashi na farko, Dragon Age: Origins. A cikinsa mai wasa yana da mafari har shida da zai zaɓa daga ciki: ko ɗan sarauta, ko mai koyon sihiri, ko ɗan ƙabilar Elf na daji ko na birni, ko wada basarake ko wada talaka. Kowanne ya ɗauka, ƙarshenta zai shiga rundunar masu gadin duniya, ya zagaya ƙasar Ferelden yana haɗa kan ƙabilu, har ya kashe babban dodon da ke jagorantar annoba. Jama'a sun so shi ƙwarai, kuma ya cancanci so. To, da aka ce ga na biyu, sai kowa ya gyara zama yana jiran irin wancan tuwon, da ƙarin miya.

Da ya iso sai aka ga wani abu dabam, nan take kuwa ihu ya tashi. Ba zan ɓoye ba, wasu koke-koken gaskiya ne tsagwaronta. Kogo guda za ka shiga sau da yawa, a toshe wata ƙofa a buɗe wata, a ce maka wai sabon wuri ne, alhali kuwa taswirar da ke gefen allo ba ta ko sake kama ba. Ka gama da abokan gaba, kana shirin numfasawa, sai wasu su faɗo daga sama kamar ƙwarin damina, duk dabarar da ka shirya ta rushe. An hana mai wasa sauya wa abokan tafiyarsa sulke. Wannan duk aikin gaggawa ne, kuma sauri ya haifi nawa. Amma wa ya kawo gaggawar? Ku ƙirga da kanku: daga Nuwamba 2009 zuwa Maris 2011 wata 16 ne kacal, alhali na farkon ya ci shekaru ana gina shi. Ku kuma lura cewa a ƙarshen Maris ne kamfanin Electronic Arts, uban gidan BioWare, ke rufe littafin kuɗinsa na shekara. Marubuci ba ya yanka wa kansa irin wannan wa'adi. Ga jakin nan a tsaye, kowa yana ganinsa.

Inda na raba gari da masoya shi ne kukansu na biyu, wai an ƙuntata labari, an tsare su a birni guda, an tilasta musu jarumi guda mai suna Hawke, ba a ba su duniya su ceta ba. Haba jama'a! Abin da suke kira aibi shi ne mafi kyawun abin da ke cikin wasan. Hawke ba zaɓaɓɓen kowa ba ne, ɗan gudun hijira ne. Annobar nan ta kashi na farko ita ta cinye garinsu Lothering, ya gudo da uwarsa da ƙannensa biyu, ɗaya ya mutu a hanya. Suka isa birnin Kirkwall, tsohuwar kasuwar bayi, suka tarar an rufe wa baƙi ƙofa, kawun da suka dogara da shi kuma ya salwantar da gidan gado. Sai da Hawke ya yi shekara guda cur yana bauta wa 'yan fasa-ƙwauri ko sojojin haya kafin ya biya kuɗin shigarsu. Daga nan labarin ya bi shi shekara da shekaru, ya yi arziki, ya yi suna, amma duk ƙarfinsa bai iya ceton uwarsa daga hannun makashi ba, bai kuma iya hana abokinsa Anders tarwatsa babban ɗakin ibadar birnin ba, abin da ya kunna wutar yaƙi tsakanin masu sihiri da dakarun da ke tsare da su. Jarumin da ke kashe dodo ya ceci duniya, mun ji shi sau dubu. Mutumin da ke da komai amma gidansa na rushewa a gabansa, wannan labari ne da ke taɓa zuciya, kuma ba kasafai ake ba mai wasa irinsa ba.

Ga kuma salon bayar da labarin, wanda mu ɗaliban Hausa ya kamata mu fi kowa gane shi. Duk abin da mai wasa ke gani, wani wada mai zaƙin baki, Varric, shi ke ba da labarinsa ga wata jaruma, Cassandra, wadda ta tsare shi tana tuhumarsa. Da farko ya zuba mata ƙarya, ya mai da Hawke mai kashe runduna, sai ta daka masa tsawa ta ce ya faɗi gaskiya, ya sake farawa. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san aku ba don nishaɗi kurum yake ba Musa labarai ba, so yake ya riƙe shi kada ya fita. Haka Varric, yana zuba ne yana kare abokinsa, kuma a kashi na uku asiri ya tonu cewa ya san inda Hawke yake, ya ɓoye. Masu ihu ba su tsaya sun ga wannan ba, suna can suna ƙirga koguna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da ya faru a watan Fabrairu na 2012. Wasu suka tono wata hira da ɗaya daga cikin marubutan wasan, Jennifer Hepler, ta yi tun 2006, inda ta ba da shawarar a ba mai wasa damar tsallake faɗa kamar yadda yake iya tsallake zance. Shi ke nan, aka ce an gano wadda ta lalata wasa. Aka yi mata ca da zagi na cin mutunci, daga baya ta bayyana cewa har 'ya'yanta an yi wa barazana. Ku dubi rashin tunani. Hirar ta girmi wasan da shekara 5, ba a kuwa sa wannan dama a cikinsa ba. Ba ita ta zana koguna ba, ba ita ta yanka wa'adi ba. Bugu da ƙari, tana cikin waɗanda suka rubuta sashen birnin wadanni, Orzammar, a kashi na farkon da suke rantsuwa da shi. A 2013 ta bar kamfanin. Fushin kaza ke nan, huce kan dami.

Na san za a ce mini: ai kuɗinmu muka biya, muna da ikon magana. Ƙwarai kuwa. Wanda ya sayi ƙosai ya tarar da ɗanyen ciki, yana da ikon ya mayar wa mai suya. Amma kuɗinka abin da aka sayar maka suka saya, ba su sayi alƙalamin marubuci ba, balle mutuncinsa. Kuma akwai bambanci tsakanin cewa "ba a gama wannan aiki ba" da cewa "ba irin na jiya ba ne". Na farko sharhi ne. Na biyu kuwa rigimar yaro ce da ke son a maimaita masa tatsuniyar jiya kalma da kalma, in an sauya ya fashe da kuka.

To, me ihun ya haifar? A 2012 aka soke ƙarin labarin Hawke da ake shiryawa, mai suna Exalted March. A Nuwamba 2014 aka fitar da Dragon Age: Inquisition, aka dawo da zaɓen ƙabila, aka dawo da ceton duniya, aka buɗe filaye manya-manya. Ya ci kyautar gwarzon wasan shekara, amma sai ga masoyan nan suna kukan an cika filayen da aike-aike marasa ma'ana. Sai da aka shekara 10 kafin Dragon Age: The Veilguard ya fito a Oktoba 2024, aka sake kuka, wannan karon wai rubutun ya yi laushi, babu ɗaci, babu wanda ke saɓa wa wani da gaske. A Janairu 2025 Electronic Arts ya ce kimanin mutum miliyan 1.5 ne suka buga shi, kusan rabin abin da ya zata, aka kuma sallami wasu ma'aikatan BioWare. Yanzu ɗacin nan da aka tofar a 2011 shi ake nema ido rufe, har ana yabon Kirkwall da mutanenta. A ganina kamfanin da aka koya wa tsoro ba ya sake yin kasada, kuma masoya na cikin waɗanda suka koya masa.

Saboda haka, ya ku masu shirin zama manazarta, in abin da kuke so ya fito da kashi na biyu bai yi muku daɗi ba, ku tambayi kanku abu biyu kafin ku buɗe baki: shin aikin ne ya gaza, ko kuwa zatona ne bai cika ba? In kuwa aikin ne, wa ke da alhakin gazawar? Wanda ya amsa waɗannan, sandarsa za ta sauka inda ya dace. Wanda bai amsa ba, zai yi ta dukan taiki har ya fashe, hatsin ya zube, jaki kuwa yana gefe yana kiwonsa.