Ajiyar da Ba a San Hanyarta Ba: Rubutun Ajami da Matsalar Gano Shi

Ɗalibin da ya tashi neman waƙoƙin Hausa na ƙarni na 19 a ɗakunan adana rubuce-rubucen hannu yakan fara da cin karo da wata matsala da bai zata ba. Takardun suna nan, an killace su, wasu ma an ɗauki hotunansu. Sai dai sau da yawa an jera su ne a ƙarƙashin suna guda, wato rubutun Larabci, domin mai jerawa ya dubi haruffa ya yanke hukunci. Waƙar wa'azi da Hausa, wasiƙar fatake, takardar magani da Fulfulde, duk sukan shige cikin tari ɗaya da littattafan fiƙihu da nahawu. Wanda bai san da su ba tun farko, babu abin da zai nuna masa cewa suna wurin.

An yi aiki mai yawa wajen tattarawa, kuma ya dace a yaba. Tun a shekarun 1950 W. E. N. Kensdale ya fitar da jerin rubuce-rubucen Larabci na ɗakin karatun Jami'ar Ibadan. John Hunwick ya kafa cibiyar adana takardun Larabci a wannan jami'a, daga baya kuma, a 1995, ya fitar da juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa, wanda ya ƙunshi marubutan tsakiyar Bilad al-Sudan. A Kaduna an kafa Gidan Arewa a 1970 ƙarƙashin jagorancin Abdullahi Smith. Akwai ajiyar Wazirin Sakkwato Junaidu, akwai ta cibiyar IRSH a Yamai, wadda Boubou Hama ya taka rawa wajen tara ta. Amma yawancin masanan da suka aza wannan harsashi tarihin Daular Usmaniyya da ilimin malamanta suke bi, kuma wannan ilimi da Larabci aka fi rubuta shi. Don haka ajami ya zama ɗan rakiya, ana ambatonsa a gefe in an ci karo da shi.

Yadda ake jera abu shi ne ke nuna wa mutane abin da ya kamata su nema. Tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876, wanda ɗakunan karatu da dama ke amfani da shi har yau, ya ba adabin harsunan Turai lambobi daga 810 zuwa 880, ya haɗa na sauran duniya a 890. Ba a hana kowa karanta adabin Afirka ko na Asiya ba, amma an sanya shi a lungun da ƙafa ba ta cika zuwa ba. Ajami ya sami irin wannan rabo sau biyu: tsarin boko ya ɗauke shi a matsayin Larabci, masu nazarin Larabci kuma suka ɗauke shi a matsayin rubutun gida da bai kai matsayin ilimi ba.

Labarin Nana Asma'u ya isa misali. Waƙoƙinta na Hausa da Fulfulde da Larabci ba su taɓa ɓacewa ba. Suna hannun zuriyarta da malamai, ana rera wasu daga cikinsu. Amma sai da Jean Boyd ta shafe shekaru tana bin su ɗaya bayan ɗaya, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da su a kundi guda a 1997, kafin jami'o'i a faɗin duniya su fara koyar da ita yadda ya kamata. Takardun ba su canja ba. Abin da aka ƙara shi ne hanyar isa gare su.

Gyaran da ake buƙata bai kai tsadar gina sabon gini ba. Na farko, kowace takarda a rubuta harshenta daban da haruffanta, domin a iya neman Hausa a rubutun ajami kai tsaye. Na biyu, tun da yawancin waɗannan rubuce-rubuce ba su da suna, a rubuta layinsu na farko, da ajami da kuma boko, tare da sunan marubuci, da mai kwafi, da garin da aka samo su in an sani. Na uku, a fitar da jerin da Hausa. Abin mamaki ne a ce malamin zaure, wanda ya fi kowa iya karanta warash da gane hannun magabata, shi ne zai kasa amfani da jerin saboda an rubuta shi da Turanci. Na huɗu, a sanya irin waɗannan malamai cikin aikin jerawa, a biya su, a rubuta sunayensu. Aikin African Ajami Library na Jami'ar Boston, wanda Fallou Ngom ya jagoranta, ya nuna cewa in aka ware ajami da sunansa, masu nema suna zuwa.

Akwai masu ganin cewa bayyana ajiya gayyatar ɓarayi ce, kuma yawan taɓawa na cinye tsohuwar takarda. Akwai kuma gidajen malamai da ke ɗaukar abin da suka gada a matsayin amana, musamman abin da ya shafi asirai da magunguna. Wannan damuwa tana da tushe, kuma iyali na da haƙƙin cewa a ambaci takardarsu a jeri ba tare da an baza hotonta ba. Sai dai game da sata, takardar da aka rubuta siffarta da lambarta ta fi wuyar sayarwa a ɓoye, kuma in ta salwanta za a san me aka rasa. Da aka ƙone dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmed Baba ta Timbuktu a farkon 2013, abin da aka riga aka jera shi ne aka fi iya tantance asararsa. Wanda ba a jera ba, in gara ta cinye shi, ko labarinsa ba za a ji ba.

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jami'o'i da hukumomin tarihi na jihohi sukan nemi kuɗin na'urar ɗaukar hoto, su manta da albashin wanda zai zauna ya karanta ya rubuta bayani. Hotuna dubu goma marasa suna a cikin kwamfuta daidai suke da buhun takardu a rumbu. Duk kasafin da za a ware wa adana rubuce-rubuce ya kamata ya zo da kason jerawa, kuma a auna nasararsa da yawan mutanen da suka nemi abu suka same shi.