Kalmar "Badly" Ba Ta Isa Hukunci Ba

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata kalmar Turanci wadda muka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta, watau badly. Yaro ya kawo littafinsa, malam ya duba, ya rubuta badly done da jan tawada, ya sallame shi. To, me aka gaya wa yaron nan? An ce aikinsa bai yi kyau ba, abin da shi ma ya sani tun bai taso ba.

Ku dubi noman shanu, irin wanda aka koya wa manoma a gonar gwamnati ta Kafinsoli. Ga samari uku, kowa kunyarsa ta karkace. Na fari jiya-jiya ya fara riƙe garma, shanu na jansa, hannunsa bai faɗa ba tukuna. Shi ne Turawa ke cewa ya yi clumsily. Na biyu gwani ne, amma hankalinsa na kasuwar Kankiya. Nasa carelessly ne, watau da ganganci. Na uku kuwa ya iya, ya kuma kula, sai dai shanun sun rame da rani, bakin garma ya dakushe, sai a ce gonar ta nomu poorly. Kadan aka haɗa su duka aka ce badly, lalle za a tsawata wa mutum biyu a kan laifin ɗaya. Wanda bai iya ba, kama hannunsa ake yi a nuna masa. Faɗa ba ya ƙara masa kome sai rawar jiki.

Wani zai ce kalmomin sun yi wa yara nauyi, clumsily ma sai harshenmu ya mai da ita kulamsili. Gaskiya ne, amma nauyin a baki yake, ma'anar kuwa tun daga gida suka san ta. Inda Bature ke liƙa -ly a wutsiyar kalma, mu "da" muke sawa a gaba: da garaje, da kasala, da sakaci. Ƙamus na Bargery, wanda aka buga a 1934, cike yake da irinsu. Saboda haka ni a ganina, ko a darasin Turanci ne, kada malam ya ji nauyin tambayar yara da Hausa, "Wannan rashin iyawa ne ko ganganci?" In sun rarrabe, sa'an nan ya ba kowane sunansa na Turanci, su rubuta a allo.